Gargaɗin 'Yan'uwa a kan Ƙudujin Zuciya

Bismillahi. Godiya ta tabbata ga Allah, Sarkin da ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa kamar yadda ya san abin da ke bisanta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan 'yar takarda ce ta nasiha. Na rubuta ta a Bacirawa ta ƙasar Ungogo, arewa da birnin Kano, domin almajiraina da 'yan'uwa ma'abota wuridi, maza da mata. Magana ɗaya ce a cikinta: mutum ya san kansa, ya riƙe linzamin kansa, ya kuma san aikin nan ba ya ƙarewa sai ran da numfashi ya ƙare. Na ɗebo misalinta daga gona, domin mu 'ya'yan manoma ne, abin da muka gani a kan kunya ya fi saurin zama a zuciya. Allah shi sa dominsa aka yi.

Fasali na farko: gonar da ba ta hutawa

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah shi yi maka jagora, ƙasar nan da ke kewaye da birni ba ta san saura ba tun kaka da kakanni. Can inda daji ya ke da faɗi, in gona ta gaji sai mai ita ya bar ta, ya yi sabon sassabe. Mu nan mutane sun yi yawa, gona ta jingina da gona, iyakarka gamba ce ko bini-da-zugu, bayanta kuwa ta wani ce. Saboda haka iyayenmu suka riƙa noma wuri guda kowace damina, gero da dawa, wake da gyaɗa a tsakani. Abin da ya riƙe ƙasar kuwa taki ne. Da rani jakuna su shiga birni da itace, su komo da mangala cike da shara da toka, a haɗa da kashin awaki, a zube tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Shekarar da mutum ya yi sakaci, rumbunsa ne zai faɗa masa.

To, zuciyarka irin gonar nan ce. Guda ɗaya aka ba ka, babu wata da za ka koma in wannan ta lalace. Ba a barinta saura, domin ko ba ka shuka kome ba, wani abu yana tsira.

Allah ya ambaci nafsu da hali uku a cikin Littafinsa. A Suratu Yusuf ya ambaci mai yawan umurni da mugun abu, ita ce ammara. A Suratul Ƙiyama ya ambaci mai yawan zargin kanta, ita ce lawwama. A Suratul Fajri ya ambaci natsattsiya, ita ce muɗma'inna. Waɗannan halayen gona ɗaya ne: wadda ciyawa ta cinye, da wadda mai ita ya shiga da fartanya, da wadda ta yi kyau. Wadda ta yi kyau kuwa ba ta kuɓuta daga noma ba, domin kyan bana ba ya ɗauke maimain baɗi.

Fasali na biyu: bayanin ƙuduji

Cikin ciyawar gona babu wadda ta fi kama da son zuciya kamar ƙuduji, wanda waɗansu ke ce wa wuta-wuta. Manoma sun san shi da ido, masu binciken noma irin na Samaru a Zariya kuwa sun bi shi har ƙarƙashin ƙasa. Ga halinsa.

Irinsa ƙanƙane ne kamar ƙura, tushe ɗaya yana zubar da dubbai masu yawa. Yana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10 bai mutu ba, bai kuwa tsira ba. Ruwan sama kaɗai ba ya tashinsa. Jira ya ke saiwar gero ko dawa ko masara ta kusato, ya ji alamarta, sa'an nan ya farka ya miƙa 'yar saiwarsa ya soke ta hatsin, ya dinga shan ruwansa da abincinsa. Makonni ya ke yi yana ɓarna a ɓoye. Sai bayan ya ƙoshi ya leƙo sama, ya yi fure ja-ja mai ɗan shuni, kyakkyawa ƙwarai, wanda baƙo zai tsaya yana yabo alhali mai gona yana kuka.

Ka lura da wannan, domin shi ne tushen maganar duka: rashin ganin ƙuduji a gonarka ba shaida ba ne cewa babu irinsa a cikinta. Wataƙila dai abin da zai tashe shi ne bai zo ba tukuna.

Haka cututtukan zuciya su ke. Girman kai yana barci har ran da aka ɗaura maka rawani. Rowa tana barci har ran da ka samu. Hassada tana barci har ran da tsaranka ya wuce ka. Mutum ya ce, ni ba ni da kwaɗayi, alhali ba a taɓa ajiye masa amanar da babu mai shaida ba. Mutum ya ce, ni mai haƙuri ne, alhali na ƙasa da shi bai taɓa zaginsa cikin jama'a ba. Wannan bai san kansa ba tukuna, ya san dai gonar rani, sa'ad da kowace gona fes ta ke.

Fasali na uku: shaida daga abin da ya gudana

A shekara ta 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah shi ƙara masa yarda, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Jama'a suka bi shi, suka bar gidaje da dukiya, suka sha yunwa da tsoro domin Allah. Cikin shekarar nan aka ba su nasara a Tafkin Kwatto, daga baya garuruwa suka yi ta buɗuwa. Ba a daɗe ba sai ƙanensa Malam Abdullahi, Mai Gwandu, ya ga da yawa cikin mutanen kirki sun yi shahada, cikin waɗanda suka rage kuwa son sarauta da dawaki da tufafi ya fara tsira. Shi da kansa ya ba da labarin nan a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Abin ya dame shi har ya bar rundunar wajen 1807, ya fuskanci gabas yana nufin Madina.

Hanya ta biyo da shi nan Kano. Mutanen Kano suka riƙe shi ya karantar da su, ya kuwa shaida musu cewa abin da ya gudo dominsa shi ya tarar a wurinsu. Ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, sa'an nan ya koma wurin ɗan'uwansa, ya ci gaba da karantarwa da rubutu har ya rasu a 1829.

Ɗauki abu biyu daga nan. Na ɗaya, ganima ba ita ta kawo irin ba, tashinsa ta yi. Na biyu, ba a tsere wa ƙuduji da canja gari. Ya baro shi yamma, ya tarar da shi gabas, domin irinsa cikin ƙirjin 'yan Adam ya ke. Maganin da malamin nan ya kama a ƙarshe shi ne komawa gona da fartanya.

Mu ma mun ga irin wannan da idonmu. Birni ya miƙo ta hanyar Katsina har ya cim mana, gonaki da yawa suka zama filaye, ana yankawa ana sayarwa. An ga 'yan'uwa ciki ɗaya da suka tsufa suna noma gandu ɗaya, suna cin tuwo akushi ɗaya, ran da dillali ya faɗi kuɗin gonar gado suka daina gaisawa, har gaban alƙali. Mutane suka ce kuɗi ya canja su. Ni kuwa na ce kuɗi saiwa ce ta kusato, abin da ke kwance ya ji ya farka. Kai da ba a taya taka gonar ba, kada ka yi musu dariya. Roƙi Allah shi kashe irin kafin mai tashinsa ya zo.

Fasali na huɗu: ƙuduji a kan hatsi ya ke kamawa

Ka sani, ya kai muridi, ƙuduji ba ya rayuwa a fako. Sai inda aka shuka abinci. Haka riya da ujubu, ba su da abin kamawa sai ibada. Riya ita ce yin aiki domin idon mutane, ita a ke kira ƙaramar shirka. Ujubu shi ne mutum ya dubi aikinsa ya burge shi, ya manta Wanda ya ba shi ikon yi. Mai barci har hantsi ba ya tsoron riya cikin tsayuwar dare. Mai tsayuwar ne abin tsoro a kansa. Saboda haka gwargwadon yawan shukarka, gwargwadon yawan nomanka.

Dubi Imamu Gazali. Shi ne babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 suna zama gabansa. Ya binciki niyyarsa cikin karantarwa, ya tarar neman matsayi da yaɗuwar suna sun gauraya da ita, kamar yadda ya faɗa a littafinsa Munƙizu. Ya yi wajen wata shida yana kai da komo tsakanin tafiya da zama, har harshensa ya ƙi motsi wurin darasi. A 488 ta Hijira, watau 1095, ya bar kujerar ya tafi Sham, ya yi shekaru cikin kaɗaici da horon kai, ya tsara Ihya'u Ulumiddini, wanda rubu'insa guda a kan halaye masu halakarwa ne, guda kuma a kan masu tserarwa. Daga baya ya koma karantarwa a Naisaburi a 1106, ya rasu a 1111. Ilmi ne hatsinsa, a kan ilmin kuwa ƙudujin ya kama. In haka ta sami Hujjatul Islami, ina ga ni da kai?

In ka ce, to ashe gara in rage ibada in huta da riya, sai in ce maka: ka taɓa ganin manomin da ya bar shuka domin tsoron ciyawa? Me iyalinsa za su ci da rani? Wannan tarko na biyu ne na Shaiɗan. Ya nemi ya ɓata maka aiki, da ya kasa sai ya nemi ya raba ka da shi. Magabata sun lissafta barin aikin alheri saboda idon mutane cikin riya. Yi shuka, ka yi noma.

Fasali na biyar: yadda mutum ke gane kansa

Gwanin manomi ba ya jiran fure. In ya ga gero ya ƙi tashi, ganyensa ya yi kamar wuta ta lashe shi alhali ruwa na sauka, ya san akwai ɓarawo a ƙasa. Kai ma nemi alamu tun abin bai fito fili ba.

Auna sallarka ta ɗaki da sallarka ta masallaci, wace ta fi tsawo. Duba ƙirjinka sa'ad da aka yabi wani malami a gabanka. Duba shi sa'ad da almajirinka ya ɗauki allonsa ya koma wata tsangaya. Duba shi sa'ad da yaro ya gyara maka harafi cikin tilawa, ko wani ya wuce bai durƙusa ba, ko ka yi kyauta ba a gode ba. A zamanin nan kuma ga waya a hannun kowa, ana ɗaukar karatu da sadaka ana watsawa. Duba ko muryarka tana canjawa in an ɗaga ta gabanka. Zafin da ka ji a wuraren nan, nan saiwar ta soke.

Amma gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Saboda haka Imamu Gazali ya lissafta hanya huɗu da mutum ke sanin aibinsa: shehi masani da cututtukan zuciya, da aboki mai gaskiya, da bakin maƙiyi, da duban mutane, watau duk abin da ka ƙi a wurin wani ka neme shi a wurinka. Ni kuwa ina ƙara tunasar da kai mutanen gidanka. Jama'ar zawiya sun san ka sa'a guda cikin farar riga. Matarka ta san ka da yunwa da gajiya da ranar babu. Maƙwabcin gonarka ya san inda garmarka ke tsayawa in ta zo iyaka. Shaidar waɗannan ta fi ta masu sumbatar hannu.

Fasali na shida: magani

Na farko, taki. Ƙuduji ya fi ƙarfi a gajiyayyiyar ƙasa, in an ƙosar da ita kuwa sai ya ragu. Takin zuciya ambaton Allah ne, da cin halal, da zama da mutanen kirki. Kowace ɗarika da abin da ta ɗora wa muridinta, ko ta Shehu Abdulƙadiri Jilani wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, ko ta Shehu Ahmadu Tijjani wanda ya rasu a Fas a 1815. Lazimin Tijjaniyya istigfari 100 ne, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Lura da istigfari aka fara, domin share gona ya riga shuka. Amma taki ba ya amfani yana tsibi, sai an baza shi. Wuridin da ya tsaya a carbi, bai kai kasuwa ba, bai kai bakin mudu ba, bai kai ɗakin matarka ba, tsibi ne har yanzu.

Na biyu, cirewa tun bai zubar da iri ba. Wanda ya tuge ƙuduji yana fure, ya fitar da shi daga gona ya ƙone, ya rage wa kansa wahalar shekaru. Wanda ya bar tushe ɗaya ya bushe a wurin ya shuka dubbai. Mugun abu yana farawa tunani, ya zama nufi, ya zama aiki, ya zama al'ada. Cire shi yana tunani da yatsa biyu ne, cire shi yana al'ada kuwa sai gumi. Hanyar wannan ita ce muhasaba, watau yi wa kai hisabi, wadda saboda ita aka yi wa Harisu na Bagadaza laƙabi da Muhasibi, shi da ya rasu a 857. Kowane dare kafin ka kwanta zauna kamar ɗan kasuwa mai ƙirga ciniki. Tambayi harshenka me ya faɗa a kan wanda ba ya nan. Tambayi idonka me ya bi da kallo. Tambayi cikinka daga ina abin da ya shige shi ya fito. Abin da ke tsakaninka da Allah ka tuba. Abin da ke tsakaninka da mutum ka mayar masa kafin ka nemi gafara. Istigfari ba ya mayar da kunyar da ka ci ta maƙwabci, fartanya ke mayar da ita.

Na uku, shuka abin da ba ya kamawa. Allah ya sa wata hikima cikin auduga da gyaɗa da waken suya: saiwarsu tana tashin irin ƙudujin hatsi, ya farka ya miƙa, ya rasa wurin sokawa, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Kowace damina aka yi haka, irin da ke cikin ƙasa yana raguwa. Misalin wannan a zuciya shi ne aikin ɓoye. Kai mudun hatsi gidan marayu da dare ta hannun da ba zai faɗa ba. Share masallaci kafin ladan ya zo. Yabi abokin hamayyarka inda ba zai ji ba. Riga wanda kuka ɓata sallama. Za ka ji nafsu ta miƙe tana neman ladanta wurin mutane, tana cewa ko mutum ɗaya ne a gaya masa. Hana ta. In ta rasa abin kamawa, wannan ƙwayar ta mutu.

Fasali na bakwai: aikin ba ya ƙarewa

In ka ce, hali zanen dutse ne, sai in ce: da hali ba ya gyaruwa da ba a aiko Manzanni ba, da uwa ba ta tsawata wa ɗa ba. Ba a ce ka kashe fushi da sha'awa ba, domin da su a ke kare mutunci, da su a ke samun zuriya. An ce ka sa musu linzami. Doki mai ƙarfi dukiya ne in kai ke bisansa.

Kowane zangon rayuwa da ƙudujinsa. Na kolo ciki ne da wasa. Na gardi sha'awa ce da zafin kai da son a ce ya fi kowa tilawa. Na magidanci tara abin duniya ne, yana fakewa da iyali. Na tsoho kuwa ya fi duka ɓuya, domin da rigar addini ya ke zuwa. Ina magana da tsararrakina masu furfura. Sha'awa ta bar mu, kada mu ɗauka mu muka kore ta. Abin da ya rage son girma ne, da son a ambaci sunanmu, da ƙin a gyara mana. Yaro yana da mai tsawata masa, tsoho kuwa kowa na jin nauyinsa. Saboda haka ya kamaci dattijo ya nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah, ya ba shi izini ya faɗa masa gaskiya, in ya faɗa kuma kada ya canja masa fuska.

In ka ce, aikin da ba ya ƙarewa ina amfaninsa, sai in ce: noma ma ba ya ƙarewa, amma mai yinsa yana cin tuwo kowace shekara. Ba a ɗora maka ka ƙarar da irin ba, an ɗora maka kada a same ka ka ajiye fartanya. Cikin rashin ƙarewar ma akwai rahama, domin ran da ka dubi zuciyarka ka ce ta tsarkaka, ran nan ƙuduji mafi muni ya yi fure. Ganin aibinka shi ke riƙe ka a bakin ƙofar Ubangijinka kana roƙo. Manomi yana huɗa, yana shuka, yana noma, amma ruwa ba nasa ba ne. Haka tsarkin zuciya, himma taka ce, bayarwa ta Allah ce. Kada ka yanke ƙauna, kada kuma ka sakankance.

Ya Allah, ka nuna mana aibinmu tun muna da ƙarfin gyarawa. Ka suturta mu a gaban bayinka, kada ka suturta mu ga kanmu. Kada ka jarrabe mu da abin da zai tashi abin da ke kwance a cikinmu, in ka jarrabe mu kuwa ka riƙe hannunmu. Ka gyara tsakanin 'yan'uwan da gado ya raba. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu. Ka sa mu cika da imani, fartanya tana hannu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.